Rashin Matsuguni a Yendi da Salaga da Bawku: Ayyukan Ƙungiyoyin Agaji da Gurbin Mai Masauki

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi ayyukan ƙungiyoyin da ba na gwamnati ba masu kula da marasa matsuguni da matasa da iyalai masu ƙaramin ƙarfi a Yendi da Salaga da Bawku, a arewacin Gana. Matsayinta shi ne, da yawa daga masu kwana a bakin kasuwannin Ankara da Kumasi a nan arewa suka fara rasa gida, kuma kafin su rasa ɗaki sai da suka rasa wanda zai tsaya musu. Da wannan ma'auni maƙalar ta auna ayyukan ƙungiyoyin, ta kuma nemi a farfaɗo da tsarin masauki na zango, a haɗa shi da rajista da lissafi da kuɗin cikin gida.

Gabatarwa



Wanda ya zaga Yendi da tsakar dare ba zai ga mutane jere a gindin shaguna suna barci kamar yadda ake gani a Agbogbloshie ta Ankara ko Kejetia ta Kumasi ba. Wannan ne ya sa ake ɗaukar rashin matsuguni a matsayin ciwon manyan birane, ana kai maganinsa can. Amma in ka tsaya ka saurari harshen da masu kwanan waje na Ankara ke hira da shi, Dagbanci za ka ji, da Mamprusanci da Gwanjanci da Kusasanci da Hausar zango. Ƙididdigar rayuwar jama'a da hukumar ƙididdiga ta Gana ta yi a 2016 zuwa 2017 ta nuna talauci ya kama kashi 23.4 cikin ɗari na al'ummar ƙasar, amma a tsohuwar Jihar Arewa, wadda a lokacin Yendi da Salaga ke cikinta, ya kai kashi 61.1, a Jihar Gabas ta Sama inda Bawku take kashi 54.8, alhali a Jihar Ankara kashi 2.5 ne kacal. Tsakanin 61.1 da 2.5 akwai mota, kuma kullum tana tashi.

Maƙalar ta dogara da rubuce-rubucen masana da rahotannin hukumomi da na ƙungiyoyin kansu. Tambayarta guda ce: idan ƙungiya ta gama aikinta ta naɗe tabarma, wa ke tsaya wa mutumin da ta taimaka?

Masauki kafin zuwan ƙungiyoyi

Garuruwan nan sun san baƙo tun da daɗewa. Fataken Kano da Katsina da Sakkwato sun yi ta bi ta Borgu da Sansanen Mango da Yendi zuwa Salaga neman goro, kamar yadda Paul Lovejoy ya bayyana a littafinsa na 1980 kan ayarin goro. Falke ba ya kwana a fili. Yana da maigidansa, wanda zai saukar da shi, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa a kan bashi, in ya yi rashin lafiya ya yi jinyarsa, in ya rasu ya yi masa sutura. A bayan maigida akwai Sarkin Zango, wanda ke tsakanin baƙi da sarkin ƙasa, sai liman da makarantar allo. Lokacin da yaƙin basasar 1892 ya watsa Salaga, mutanenta sun tafi da wannan tsari Kete-Krachi da Yeji da Kintampo da Kumasi. Cikinsu har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano wanda ya rasu a Kete-Krachi a 1934, mai waƙar nan ta Talauci da Wadata. Abin da Enid Schildkrout ta rubuta kan zangon Kumasi a 1978, da na Deborah Pellow kan Sabon Zangon Ankara, sun nuna tsarin ya rayu har cikin manyan birane.

Ba na so a ɗauka ina yi wa jiya kirari. Maigida yana cin la'ada, kuma mai kaya ya fi samun tarba. Salaga ɗin nan da ta iya saukar baƙi ita ce kasuwar bayi, kuma wanda aka kawo a ɗaure ba shi da maigidan da zai tsaya masa. Haka nan a Nuwamba 1969, da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar ƙasar, ba Sarkin Zangon da ya iya kare mutanensa. Duk da haka akwai abu guda da tsarin ya mallaka wanda ƙungiyoyin yau suke nema ruwa a jallo: mutum sananne, mai zama a wuri sananne, wanda nauyin baƙo ke wuyansa ba tare da wa'adi ba.

Yadda ake rasa gida a arewa

Rikici ne ya fi komai korar mutane. Yaƙin da ya ɓarke a farkon 1994 a kasuwar Nakpayili kusa da Bimbilla, wanda ya haɗa Kwankwamba da Nanumba da Dagwamba da Gwanjawa, ya cinye ƙauyuka sama da 400, ya raba mutum fiye da 150,000 da gidajensu. Gamayyar ƙungiyoyin agaji ce ta fara da raba abinci, daga baya ta shiga sulhu tare da masu shiga tsakani daga Nairobi, har aka kai ga yarjejeniyar Kumasi ta 1996. Wannan abin yabo ne. Sai dai da yawa daga waɗanda suka tsere ba su dawo ba. Suna cikin waɗanda suka cika unguwar Old Fadama a Ankara, wadda ƙidayar da mazaunanta suka yi da taimakon ƙungiyar People's Dialogue a 2009 ta samu kusan mutum 80,000 a cikinta. Bayan shekara takwas da wancan yaƙi, a Maris 2002, aka kashe Ya-Na Yakubu Andani na Biyu, sarkin Dagwamba, a fadarsa ta Gbewaa da ke Yendi. Yendi ta shiga dokar ta-ɓaci da hana fita, kuma rigimar sarauta tsakanin gidan Abudu da gidan Andani ba ta lafa ba sai Janairun 2019, da aka naɗa Ya-Na Abukari na Biyu bayan sulhun kwamitin manyan sarakuna ƙarƙashin sarkin Asante, Asantehene Osei Tutu na Biyu. Yaron da aka haifa a shekarar kisan ya doshi shekara 17 kafin garinsu ya samu natsuwa. Mai jari ba ya zuba kuɗi a garin da ake rufewa da magariba, saurayi kuwa ba ya zama inda babu aikin yi.

Bawku tana cikin irin wannan hali saboda rikicin sarauta tsakanin Kusasawa da Mamprusawa, wanda ya sake tashi a ƙarshen 2021. An sha sa dokar hana fita, an sha hana maza hawa babur, a garin da kasuwanci ne jininsa. A lokaci guda kuma 'yan gudun hijira daga Burkina Faso suka shigo yankin, aka buɗe musu wurin tarba a Tarikom. Wanda ya tsallako iyaka yana da dokar duniya da hukumar da ke rubuta sunansa. Wanda ya gudu daga unguwa zuwa unguwa, ko daga Bawku zuwa Bolgatanga ko Tamale, gidan dangi yake sauka, nauyinsa kuma ya hau kan mai ɗaki ɗaya da 'ya'ya shida. Irin wannan rashin matsuguni ba ya fitowa a hoto, don haka ba kasafai yake samun tallafi ba.

Akwai kuma wadda ake kora daga gidanta da rana tsaka, ba yaƙi ba ambaliya. Zargin maita nake nufi. A Gnani, cikin yankin Yendi, akwai ɗaya daga cikin manyan matsugunan da waɗanda aka zarga ke fakewa ƙarƙashin kariyar mai tsafin ƙasa. Akwai irinsa a Gambaga da Kukuo da Kpatinga da Gushegu. Yawancinsu tsofaffin mata ne, zawarawa, waɗanda ba su da ɗa namiji mai ƙarfin faɗa a ji. Sau da yawa akan haɗa tsohuwa da jikanyarta don ta riƙa ɗebo mata ruwa da itace, ita ma yarinyar karatunta ya tsaya ke nan. A ranar 23 ga Yuli 2020 aka yi wa Akua Denteh, tsohuwa mai kimanin shekara 90, dukan da ya kashe ta a Kafaba kusa da Salaga, jama'a na tsaye suna kallo, wani yana ɗaukar bidiyo. Majalisar dokoki ta amince da ƙudurin haramta zargin maita a Yulin 2023, amma shugaban ƙasa na lokacin bai sa hannu ba. A ganina babu wanda ya kai wannan tsohuwa rashin gida, domin ita ginin gidanta yana nan tsaye, mutanen ciki ne suka janye mata.

Sai 'yan matan da ke tafiya dakon kaya a kudu, waɗanda ake kira kayayei. A kansu ne aka fi yin rubutu, a kansu ne kuma aka fi yin gaggawar yanke hukunci. Arewa damina ɗaya take da ita, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, sauran watanni rani ne, kuma cin rani tsohuwar al'ada ce. Turawan mulkin mallaka ma sun mai da arewa rumbun leburorin ma'adinai da gonakin koko. Abin da ya sauya shi ne shekarun masu tafiya da jinsinsu. Yarinya tana son kayan ɗaki, ko kuɗin makaranta, ko ta guje wa auren da ba ta so. Wata kuma 'yar riƙo ce. Christine Oppong a Dagwamba da Esther Goody a Gwanja sun nuna yadda riƙo yake ɗinke zumunci, musamman bai wa gwaggo 'yar ɗan'uwanta. To amma idan gwaggo ba ta da abin yi mata kayan aure, yarinyar ce za ta nemo da kanta. A Ankara za ta biya kuɗin wurin shimfiɗa a ɗakin katako da suke cunkushe a ciki, ta biya na wanka, ta biya na bayi, ranar da ba ta samu ba ta kwana a baranda, ga sauro, ga ɓarayi, ga mazan banza. Bayan ambaliya da gobarar 3 ga Yuni 2015, hukumar birnin ta rushe wani ɓangare na Old Fadama. A Yulin 2021 aka tashi kasuwar albasa da ta gwangwan ta Agbogbloshie. Duk lokacin da katafila ta shiga can, Yendi da Gushegu da Walewale sai sun ji a jikinsu.

Abin da ƙungiyoyi suka yi

Aikin da aka fi yi wa 'yan dako shi ne a kwaso su, a koya musu ɗinki ko kitso ko yin sabulu na 'yan watanni, a ba su keken ɗinki, a ɗauki hoto. Niyyar kyakkyawa ce, wasu kuma sun amfana. Gwamnati ma ta bi sahu: ta soke harajin da ake karɓa a hannunsu a kasafin 2017, ta buɗe musu wuraren kwana da koyon sana'a a Madina da Ashaiman a 2024. Amma ƙauye guda teloli nawa zai ciyar? Yarinyar da ta koma gida da keke ba zare, ba yadi, ba masu kawo ɗinki sai da salla, ga kuma dalilin da ya fitar da ita yana nan bai motsa ba, kafin damina ta zagayo ta sayar da keken ta yi kuɗin mota. Rahoton ƙungiya zai ce an horar da mutum kaza. Ba zai faɗi inda suke kwana bayan shekara guda ba, alhali wannan ne kaɗai adadin da ya kamata a tambaya.

Akwai ayyukan da suka ci wannan jarrabawa, kuma ya kamata a duba dalili. School for Life ta fara aiki a 1995 a yankunan Yendi da Gushegu, da haɗin gwiwar ƙungiyar GDCA ta arewa da abokan hulɗarta na ƙasar Denmak. Tana ɗaukar yaran da makaranta ta wuce su, 'yan shekara 8 zuwa 14, ta koya musu karatu da rubutu da lissafi da harshen uwa na tsawon wata tara. Ajin da rana ake yin sa, bayan yaro ya gama kiwo ko aikin gona. Malamin ɗan garin ne, jama'ar gari suka zaɓe shi, kwamitinsu ke sa masa ido. Idan wata taran ya cika, yaro ya shiga makarantar gwamnati. Sannu a hankali gwamnati ta rungumi tsarin, har aka kafa masa hukuma da dokar 2020. Ƙungiyar ba ta yi ƙoƙarin zama uwa da uba ba. Ta nemi masu tsayawa a cikin gari, ta ba su kayan aiki, ta shirya wanda za ta miƙa wa yaron tun ranar farko.

Haka shirin mai da mata gida da Cocin Presbyterian ke yi a Gambaga tun 1994. Aikinsa mai cin rai ne: a je wurin dangi, a je wurin sarkin ƙauye, a koma, a sake komawa, har a samu wanda zai ce ya ɗauki nauyin tsaron tsohuwar, sannan a ci gaba da leƙa ta. ActionAid, wadda ta fara aiki a Gana a 1990 daga yankin Bawku ta Yamma, da ƙungiyar Songtaba ta Tamale, sun bi wannan hanya, kuma da sa hannunsu aka rufe matsugunin Bonyasi a Disamba 2014. Ina jan hankali dai, rufe matsuguni kafin a samu mai karɓa jefa rai ne cikin haɗari. Wurin da muke kira abin kunya shi ne ya hana a kashe su.

Gidajen renon yara sun fi wuyar hukunci. Gidan Nazareth da Sista Stan Mumuni ta kafa a Sang, kan hanyar Tamale zuwa Yendi, yana karɓar yaran da aka haifa da naƙasa waɗanda danginsu suka ƙi saboda camfi. Irin waɗannan ba su da inda za su in babu gidan. Amma tun 2007 Sashen Jin Daɗin Jama'a, da goyon bayan UNICEF, yake ƙoƙarin rage tara yara a gidajen marayu, domin an gano mafi yawansu suna da iyaye ko dangi a raye, talauci ne ya kawo su. Mai bayarwa yana son gini, saboda gini ana ganinsa, ana rubuta suna a jikinsa. Abin da aka kashe a kan yaro ɗaya a irin wannan gini zai iya riƙe shi da ƙannensa a ɗakin uwarsu.

Iyalan cikin gari

Su ne aka fi mantawa da su, don ba su kan titi tukuna. Dokar haya ta 1963 ta hana karɓar kuɗin gaba na fiye da wata shida, amma kowa ya san masu gida na neman na shekara ɗaya ko biyu. Mai sayar da koko ko mai tura baro, ina zai tara wannan a dunƙule? A Yendi kuma, idan kogin Daka ya ja baya da rani, kuɗin ruwa ya shiga cikin kuɗin cefane. Tallafin kuɗi na gwamnati na LEAP da aka fara a 2008, da inshorar lafiya ta dokar 2003, da ciyarwar makarantu ta 2005, da sakandare kyauta ta 2017, duk sun rage raɗaɗi. Sai dai wasunsu suna buƙatar kati da rajista da sabuntawa, kuma wanda ya fi buƙata shi ne wanda bai san ƙofar ofishin ba. Abin da ke riƙe iyalan nan a zahiri adashi ne, da asusun akwati na mata da wasu ƙungiyoyi suka yaɗa, da gudummawar biki da ta rasuwa. Rancen kuɗin haya mara ruwa da zai bi ta cikin waɗannan ƙungiyoyin mata zai hana iyalai da yawa watsewa, kuma bai kai tsadar motar aiki guda ba.

Kuɗin wa?

Yawancin ayyukan nan da kuɗin waje ake yin su, a kan wa'adin shekara uku zuwa biyar. Shirin RING na Amurka ya yi aiki a gundumomin arewa daga 2014 zuwa 2019, ya ƙare. A Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin hukumarta ta USAID, gwamnatin Gana kuma ta ce giɓin da aka bar mata ya kai dala miliyan 156, kaso mai tsoka a fannin lafiya. Wanda ya dogara da tukunyar maƙwabci, ranar da maƙwabci ya yi tafiya da yunwa zai kwana.

Mu kuwa muna da zakka da sadaka da waƙafi. 'Yan majalisa Musulmi sun kafa asusun zakka da sadaka na ƙasa a 2010, gwamnati ta kafa Asusun Raya Zango da dokar 2017. Amma mafi yawan abin da attajiranmu na shanu da hatsi da sufuri ke fitarwa hannu da hannu yake tafiya, a ƙofar gida, cikin azumi, ya ƙare a cefanen kwana biyu. Alƙur'ani ya sa matafiyin da guzuri ya yanke masa cikin masu haƙƙin zakka, tare da matalauta da masu bashi. Yarinyar da ta sauka a tasha ba ta san kowa ba, ai ita ce wannan matafiyi. Ƙungiyoyin zamani suna da rajista da binciken kuɗi amma ba su daɗewa. Zango yana daɗewa amma ba ya rubutu. Kowannensu yana riƙe da rabin abin da ake buƙata.

Abin da nake nema ba mai yawa ba ne. A kowane ɗaya daga garuruwan nan uku a keɓe gida kusa da tasha a matsayin waƙafi, ɓangaren mata a hannun mata, ƙarƙashin kulawar Sarkin Zango da liman da Magajiya da wakilin coci, tare da jami'in jin daɗin jama'a na gunduma, wanda doka ta ɗora wa kare yara. A rubuta wanda ya shigo, da wanda ya karɓe shi, da inda yake bayan wata shida da bayan shekara. A ƙulla gidan da shugabannin 'yan dako na Ankara da Kumasi, don yarinyar da ta ƙudurta tafiya ta san wurin wa za ta sauka, wadda ke son dawowa kuma ta san wa zai tare ta. Hana tafiya dai an gwada, bai hana ba. Ƙungiyoyi su kawo horo da tsarin lissafi, su bar mallakar a hannun gari. A karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a bainar jama'a, bayan sallar Juma'a da bayan addu'ar Lahadi. Kada ƙofar ta tambayi ƙabila ko addini ko gidan sarauta, domin a Bawku da Yendi waɗannan tambayoyi ne suka fitar da mutane daga gidajensu.

Ga sarakunanmu na zango da limamanmu, Allah ya ƙara muku lafiya: ba sai kun jira dokar majalisa ko kuɗin Turai ba kafin ku hau mumbari ku ce zargin tsohuwa da maita zalunci ne, kuma ba sai kun jira kowa ba kafin ku nemi attajiri ɗaya ya ba da gida ɗaya. Ina roƙon a fara da Yendi, kafin ranin bana ya kwashe 'yan matanmu.